Yashin Tudun Dilo

Safuran ta cika ana kiran assalatu, ranar sha huɗu ga wata, kuma abu na farko da mijinta Nakhuda Sumar ya yi bayan ya shafe mata idanu shi ne lissafin ruwa. Kar wani ya ce taurin zuciya ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana nakhuda, wato shugaban jirgin kamun kifi, a bakin tekun Karachi, ko haihuwa aka yi masa sai ya fara tambayar kansa ina ruwa yake. Ranar sha huɗu teku kan cika maƙil da hantsi, ta ɗan tsaya, sannan ta fara ja da baya. Idan mata suka yi mata wanka da wuri, aka sallace ta, aka tashi kafin ƙarfe tara, to za a shiga mashigin tsibirin Dilo da babban ruwa, a binne ta, a fito kafin laka ta bayyana ta riƙe jirgi. Ya ƙirga a yatsunsa sau biyu, ya ga daidai ne. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi kukansa.

Alkawari ne ya ɗauka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. 'Yarsu ta fari, Basran, agana ta ɗauke ta tana 'yar shekara huɗu, aka binne ta a tudun Dilo tun suna zaune a tsibirin. Safuran ta haifi wasu bakwai bayanta, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne, amma wannan ta farin ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, maganarta ɗaya ce: "Baban Talib, ka kai ni wurin yarinyar nan. Shekara hamsin da biyu tana kwance ita kaɗai, ga ta da tsoron iska." Jiya ma bayan magariba sai da ta sa ya maimaita mata, hannunsa cikin nata.

Wanda ya ga Karachi ta yau ba zai yarda ba, amma akwai lokacin da Dilo ba ta jin kunyar tsayawa kusa da ita. Kakan Sumar ya riski garin yana kewaye da ganuwar ƙasa mai ƙofa biyu, ɗaya tana duban ruwan gishiri, ɗaya tana duban ruwan daɗi, kuma yakan ce in ka yi tari a wannan ƙofar, mai gadin waccan zai ce maka sannu. Masunta ne, da 'yan tireda, da masu jiran iska ta juya su tafi Maskat. Sai Turawa suka zo suka jera duwatsu cikin teku, suka shimfiɗa dogo, alkama da auduga suka riƙa gangarowa daga arewa. Sumar da idonsa ya ga amalanken raƙuma a jere tun daga bakin tasha har inda ido ya ƙare, kowanne da dilolin auduga. Sannan Turawa suka tafi, aka raba ƙasa gida biyu, mutane suka kwararo ta ruwa da ta dogo, da akwatunan ƙarfe a ka, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Tun daga nan gari ya ƙi tsayawa. Ita kuwa Dilo bukkokinta ashirin ne tun farko, ashirin ɗin ne har ranar da rijiyarta ta koma gishiri, mutanenmu suka kwashe komatsansu suka dawo wani lungu a bayan katangar tashar jiragen ruwa. Rayayyu ne suka tashi. Matattu kam an daɗe al'ada ba ta canza ba, duk ɗan Dilo da ya mutu, a jirgi ake ɗaukarsa a mayar da shi gida.

Gari na wayewa babban ɗansa Talib ya same shi a ƙofar gida, ya tsuguna gabansa. Talib ya kusa hamsin, furfura ta fara fito masa, kuma shi ne mai tuƙa ɗaya daga cikin injinan ɗaga kaya a tasha, waɗanda kan ɗauki kwantena kamar uwa ta ɗauki jariri.

"Baba, na yi magana da mai babbar mota. Akwai fili a sabuwar maƙabarta ta arewacin gari. In muka tashi bayan azahar..."

"Wace arewa?"

"Baba, ka saurare ni don Allah. Shekara shida ke nan ba a kai kowa Dilo ba. Yanzu sai da takarda ake ratsa hanyar manyan jirage. Kuma masu zuwa kamun ƙaguwa sun ce ruwa ya taɓa wurin."

Sumar ya dube shi sama da ƙasa. Shekara tara rabonsa da tsibirin, tun da idonsa ya fara hazo ya sayar da jirginsa, amma tudun Dilo ai ba abin da zai manta ba ne. Yana yaro da rarrafe yake hawansa, in ya kai sama har hasumiyar fitilar jirage yake hangowa.

"Ruwa a tudun Dilo? Kai da kake wuni a saman ƙarfe kamar hankaka, kai ne za ka gaya mini inda ruwa yake kaiwa? Uwarka ce fa. Ciki takwas ta ɗauka, naka ne ya fi ba ta wuya. Yau kuma ka ce a loda ta a mota kamar buhun albasa a kai ta cikin ƙaya?"

Talib ya kawar da kai. Shi ma uwarsa ce ta mutu, kuma idanunsa sun kumbura tun asuba, amma tsohon bai lura ba, ko kuwa ya lura ya ƙi nunawa.

Ana haka sai ga Jumo yana ɗingishi da sandarsa. Jumo sa'an Sumar ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka koyi jefa koma, kuma shekara sittin ke nan ba su taɓa yarda da juna a kan girman kifi ɗaya ba. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya shafa fatiha, sannan ya ce, "Jirgin jikana yana bakin ruwa, an zuba mai. Amma ni zan tuƙa, don ban shirya bin Safuran yau ba. Makaho a kan kujerar nakhuda, ai sai mu wayi gari a Maskat."

"Makahon da ya fi ka gani da ido biyu," in ji Sumar. "Kai da ka taɓa kife jirgi a ruwan da bai kai wa akuya gwiwa ba."

"Igiyar ruwa ce."

"Shayi ne ya yi maka yawa."

Wannan 'yar cacar bakin ita ta ɗaga shi tsaye, wallahi, fiye da duk haƙurin da aka yi ta ba shi. Talib ya ga ba makawa, ya shiga ciki ya sako rigar aikinsa, ya sa katinsa na tasha a aljihu.

An sallace ta a ƙofar masallacin lungu ƙarfe takwas da rabi. Aka lulluɓe makara da ajrak ɗinta, mayafin nan ja da baƙi da ta ɗinke bakinsa da hannunta, aka ratsa da ita ta kasuwar kifi zuwa bakin ruwa. Mata suka tsaya a ƙarshen lungu inda al'ada ta tsayar da su. Maza goma sha biyu ne suka shiga jirgin, har da liman, da diga biyu da shebur uku. Aka kwantar da ita a tsakiya inda ake zuba kifi, bayan an wanke wurin sau uku an shimfiɗa tabarma. Sumar ya zauna daga wajen kanta, ya dafa ƙafar makarar.

Ba su yi nisa ba wani ƙaramin jirgin sintiri ya sha gabansu. Wani matashi mai kaki ya daka musu tsawa da harshen mutanen arewa, ya ce ina takarda, ina za su, ba su ga tuta ba? Sumar ya miƙe zai yi magana, Talib ya riga shi. Ya nuna katinsa, ya kira sunan wani babba, ya nuna makara. Matashin ya cire hularsa, ya sassauta murya, amma ya ce dole su jira, akwai jirgi mai shigowa, ba mai ratsa hanya sai ya wuce.

Suka jira. Jirgin ya taho a hankali, dogo kamar unguwa guda, da kwantenoni a kansa hawa-hawa, ƙananan jirage biyu suna tura shi. Inuwarsa ta rufe su, igiyar da ya tayar ta riƙa jijjiga su har sai da mutum huɗu suka riƙe makarar. Sumar bai ko ɗaga kai ya kalle shi ba. Jikin wani ginshiƙin ƙarfe yake kallo, inda ruwa ke hawa, yana jin kowane minti a cikinsa. Daidai wurin nan da suke tsaye ne ubansa ya fara koya masa jefa ƙugiya, lokacin ruwan bai fi tsayin mutum biyu ba, kana ganin ƙasa. Yau sai da katin ɗansa aka bar shi ya tsaya a wurin, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Kusan awa guda suka yi asara. Da aka sake su, Jumo ya buɗe wa inji wuta. Suka wuce sababbin matsayan jirage, suka wuce tankunan mai, suka wuce inda aka cike teku da ƙasa aka dasa gidaje masu hawa goma, sannan suka karya zuwa cikin mashigai. A nan kam Jumo ya bar wa Sumar magana, domin duk tsiyarsu ya san babu wanda ya kai shi sanin hanyar.

"Dama kaɗan. Riƙe haka. In ka ji ruwa ya fara bugun jirgi ta hagu, to ka juya."

"Kana gani ne ko kana sansana?"

"Tuƙa, malam."

Daidai ya faɗa kuwa, ko sau ɗaya jirgin bai taɓa ƙasa ba. Sai dai wani abu ya riƙa damunsa. A da mashigin nan duhu ne, itatuwan timar masu tsira cikin ruwan gishiri sun rufe shi dama da hagu, sai an sunkuya ake wucewa. Yau rana ce ke dukan ƙeyarsa. Ya tambaya ina itatuwa, wani daga cikin samarin ya ce ai an sare su tuntuni, garin da ke da tukunya miliyan ai yana bukatar itace.

"Ga Dilo nan," in ji Jumo, kuma muryarsa ba irin ta ɗazu ba ce.

Sumar ya miƙe, ya kare ido da tafin hannu. Ya nemi tudu a sama inda ya saba ganinsa, bai ga komai ba sai farin sararin sama. Ya sauke ido ƙasa, ƙasa, sannan ya ga wani ɗan doro na yashi, bai fi tsayin mutum a zaune ba, da 'yan duwatsun kabari a warwatse a kansa, wasu a karkace. Ya ce idonsa ne. Ya ce a matsa kusa. Aka matsa har jirgi ya soki yashi, tudu bai ƙaru ba.

Shi ya fara dira. Kabarin Basran ba shi da dutse, ba su da halin dutse a lokacin, amma shi ba ya bukatar dutse. Daga kabarin kakansa mai farin dutse, ka juya wa alƙibla baya, taku goma sha bakwai. Ya sami farin dutsen a bakin ruwa, ya juya, ya fara ƙirgawa da ƙarfi. A taku na biyar ruwa ya taɓa idon sawunsa. A na goma ya kai ƙwauri. Bai tsaya ba, mutane suna kallo. A na goma sha bakwai ya tsaya, ruwa a gwiwarsa, ƙananan kifaye suna kewaya ƙafarsa. Ya sunkuya ya tura hannu har kafaɗa, ya laluba, ya ɗago da laka baƙa, ya dube ta, ya buɗe hannu ya bar ta ta zube.

"Baba," in ji Talib daga bakin gaɓa.

"Ku haƙa a nan," Sumar ya faɗa yana fitowa, yana nuna busasshen wuri mafi kusa. "Taku goma sha uku ne tsakaninsu. Za ta ji motsinta."

Suka haƙa. Samari ne masu ƙarfi, kuma yashi ba ya gardama. Kamu ɗaya, kamu biyu, yashin fari ne mai kyau. A kamu na uku ya fara duhu, sai shebur ya fito yana ɗiga. Kafin su ankara ruwa ya tsatso ta ƙasa da ta gefe, ya kwanta a gindin ramin, bangon ya fara zaftarewa. Suka koma sama da taku goma, suka sake haƙawa, nan ma haka. Suka je can ƙololuwar doron, tsakanin kabarin wani nakhuda da na matarsa, inda babu wurin da ya fi nan tsayi a duk tsibirin. A nan sun kai har ƙugu, har Sumar ya ce alhamdu lillahi, sannan ruwan ya zo.

Babban ruwan da ya ƙirga tun asuba, wanda ya ɗauko su ya shigo da su lafiya, shi ne dai ke kwance a ƙarƙashin yashin. Shekara hamsin yana lissafin ruwa a teku, bai taɓa tunanin wata rana zai yi lissafinsa a cikin ƙasa ba, don a saninsa kabarin Dilo ko kamu goma ka haƙa ƙura ce ke tashi.

"Ina tudun ya tafi?" ya tambaya, ba kowa yake tambaya ba. "Tudu guda, jama'a. Wa ya ɗauke shi?"

Samari suka sunkuyar da kai, su ba su sani ba. Jumo ne ya zauna a kan yashi, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Mu ne, Sumar."

"Mu wa?"

"Ni da kai da sauran. Ka manta daminar yashi?"

Bai manta ba. Ajiye abin ya yi a wani wuri a ransa inda ba ya leƙawa. Bayan raba ƙasa, da mutane suka cika gari, 'yan kwangila suka bazama neman yashi, na cike fadama, na gina matsayan jirage, na bulo. Da damina kuwa teku kan haukace wata uku, ba mai fita kamun kifi, yunwa ta shiga kowace bukka. Sai ga aiki a cikin mashigai inda igiya ba ta kaiwa, ga kuma yashi a bayan gida, na Allah. Damina bakwai jiragen Dilo suna lodi. Ta bayan tudun suke ɗiba, nesa da kaburbura, sun ma yi shawara da dattawa an shata iyaka. Kowa cewa yake tudu ne, ina zai ƙare? Sumar da yake jirginsa ya fi na kowa girma, sawu biyu yake yi a rana, ana yaba masa. Da yashin nan aka yi wa Safuran rufin kwano, da shi Talib ya shiga makaranta. Su dai sun buɗe wa teku ƙofa ta baya, suka tashi suka bar ta da sauran aikin, ita kuwa ba ta gajiya.

"Gidajen nan masu hawa goma da muka wuce," in ji Jumo, "in ka kankare bangonsu za ka ji warin Dilo."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don dariya ya faɗa ba.

Sumar ya juya ya nufi jirgi da sauri irin wanda ba a san yana da shi ba, ya ɗauko gwangwanin da ake kwarfe ruwa, ya dawo ya zame cikin ramin. Ya fara kwarfa. Ya cika ya watsar, ya cika ya watsar, da irin bugun da ya saba, bugun da ya taɓa fitar da jirgi daga guguwa kwana biyu. Ya san aikin, babu wanda ya fi shi sani. Jirgi dai in ka fi ɓarakar sauri ka tsira.

"Ku kawo ta," yana faɗa yana haki. "Ina ragewa ku sa ta. Ku kawo ta, na ce!"

Ba wanda ya motsa. Ruwan yana raguwa ɗan yatsa biyu, ya dawo ɗan yatsa uku. Yashi yana zubo masa a kafaɗa. Rawaninsa ya warware ya faɗa cikin ruwan bai kula ba. Tsoho ɗan shekara saba'in da shida, a cikin rami har ƙugu, yana faɗa da teku da gwangwanin man girki. Ni dai ban taɓa jin abin tausayi irin wannan ba, kuma waɗanda suka gani har yau ba sa son a tayar da zancen.

Liman ya tsuguna a bakin ramin. "Nakhuda, ka ji tsoron Allah, ka tausaya mata. Ba a kwantar da musulmi cikin ruwa alhali akwai busasshiyar ƙasa. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya gani, mu ma mun gani."

"Ba kai ka yi mata alkawari ba, Liman."

"Mu jira ruwa ya janye mana," wani saurayi ya ce, don dai ya ce wani abu.

Jumo ya girgiza kai. "In ya janye ramin zai bushe, gaskiya ne. Mu sa ta, mu rufe, anjima ya dawo ya same ta. Kullum sau biyu. Haka kake so wa uwar mutane?" Ya nuna bakin gaɓa da sanda. Jirgi ya fara kwantawa gefe ɗaya, wata baƙar laka ta fara leƙowa a bakin mashigi. "Kuma in ba mu tashi yanzu ba, nan za mu wuni da ita cikin ranar nan."

Sumar ya ji, kuma ya fi kowa sanin gaskiya ne. Amma hannunsa ya ƙi tsayawa. Sai Talib ya tuɓe takalmansa, ya shiga ramin, ya tsaya gaban ubansa cikin ruwa. Bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya yi masa albarka. Ya kama gwangwanin ta ɗaya gefen ya riƙe. Suka ɗan ja, tsohon ya ja, ɗan ya riƙe.

"Baba, rana tana dukan Inna."

Shi ke nan. Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Talib ya rungume shi ya ɗago shi daga ramin, ya yi mamakin rashin nauyinsa.

Da ƙyar suka fita, cikin jirgin yana gogar laka, samari huɗu suna turawa. Sumar ya zauna daga wajen kanta kamar ɗazu, sai dai wannan karon bai dafa makarar ba, kuma bai waiwaya ba. Jumo ya tuƙa har bakin kasuwar kifi ba tare da ya nemi a nuna masa hanya ba, ba tare da ya tsokani kowa ba. Matan lungu da suka ga an dawo da makara da nauyinta suka ɗora hannu a ka, aka sake sabon kuka.

Babbar motar da Talib ya yi wa mai ita magana tana nan. Aka ɗora ta a baya, maza suka tsaya kewaye da ita suna riƙe da ƙarfe. Awa biyu suna ratsa gari. Sumar bai taɓa sanin Karachi ta kai haka ba. Shi a saninsa gari yana ƙarewa ne a inda raƙuma ke kwana, amma ga unguwa bayan unguwa, kasuwa bayan kasuwa, gadoji, masana'antu, motocin haya masu ado, mutane kamar an tuɗe buhun gero, kowa da harshensa. A kowace mahaɗa wasu kan tsaya su ɗaga hannu su yi wa gawar addu'a, ba su san ko wace ce ba. Tun yana jin warin teku har ya daina ji.

Maƙabartar tana gindin wasu duwatsu, fili fetal, ba inuwa sai ƙaya. An riga an haƙa kabarin, don tun da safe Talib ya aika. Mai haƙan wani dogon mutum ne daga ƙasar duwatsu, mai fara'a, ya taimaka aka sauke makara, ya ga tsoho jiƙe da laka har ƙirji, ya kawo masa ruwa a buta.

"Sannu, Baba. Daga nesa kuke, ko? Wace ƙasa kuka baro kuka zo Karachi?"

Talib ya buɗe baki, Jumo ya taɓa shi da sanda ya hana shi. Sumar ya karɓi butar ya yi alwala.

Aka sa ta bayan la'asar. Ƙasar ja ce, busasshiya ƙamas, sai da diga aka fasa ta, kabari mai kyau wanda ba abin da za a ce da shi. 'Ya'yanta suka shiga suka karɓe ta, suka juya fuskarta alƙibla, aka jera duwatsu, aka tura ƙasa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, mutane suka fara komawa wajen mota. Sumar ya ce su ba shi minti ɗaya.

Ya durƙusa daga wajen kanta, ya dafa ƙasar da hannu biyu. Jumo ne kaɗai bai yi nisa ba, saboda ƙafarsa, shi ya ji abin da aka faɗa. Tsohon ya zo ne ya ce mata ta yafe masa, ya gaya mata tudu, da yashi, da taku goma sha bakwai. Ya buɗe baki da niyyar haka. Amma shekara hamsin da bakwai yana dawowa daga teku yana tarar da matar nan a tsaye a bakin ruwa da fargaba a fuskarta, kuma ya san da wace fuska take jiransa yanzu.

"Safuran," ya ce, da muryar da yake mata magana in yara sun yi barci. "Na je na dubo yarinyar. Tana nan lafiya. Wurin a bushe yake, ba iska. Ki kwanta abinki."

Jumo ya juya baya, ya ja gefen rawaninsa ya toshe bakinsa. Sumar ya dafa gwiwa ya miƙe, wandonsa bai gama bushewa ba, ya nufi inda mota take jiransu.